Kati Ɗaya da Na Ba Anti

Litinin, 4:20 na yamma

Wayyo daɗi! An ba ni maganin!

Bari in fara daga farko tunda littafin sabo ne. Yaya ne ya saya min shi, wai surutuna ya fi ƙarfin waya, in rage a takarda. Ni ce Auta a gidanmu. Ina aiki a shagon jaka da takalmi, ni ke ɗaukar bidiyon kaya in saka a shafin Madam, mai shagon. Shekara shida ke nan ina fama da ƙurajen fuska, kuma ba ƙananan nan ba, manya masu kwana uku suna zugi kamar ciwon haƙori. Babu abin da ban shafa ba. Man goge baki, lemon tsami, har wani sabulu da wata a guruf ɗinmu ta rantse da shi, ya mai da ni kamar gindin tukunya.

Makon jiya Yaya ya gaji ya kai ni wurin likitan fata, aka ɗebi jinina. Yau sakamako ya fito lafiya lau. Ina murna sai nas ta miƙo min 'yar robar fitsari, wai gwajin ciki. Ni! Na ce, "Sista, ko saurayi ba ni da shi, ƙurajen nan sun kore su kaf." Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce kowace mace sai ta yi kafin a ba ta wannan maganin, kuma duk wata za a sake.

A wurin karɓar magani akwai wata mata mai gilashi, bayani take kamar mai karanta labarai. Kafso ɗaya a rana, da abinci mai ɗan maiƙo. Leɓe zai bushe. Kar in zauna cikin rana. Kar in ba kowa jini. Kar in haɗa da wani magani ko bitamin sai na tambaya. In na ji ciwon kai mai tsanani, ko raina ya riƙa ɓaci ba dalili, in dawo da gudu. Daga nan ta shiga zancen ɗaukar ciki, ciki, ciki. A nan na daina saurare, tunda bai shafe ni ba, ga Madam tana ta turo saƙo. Ta ba ni takarda na sa hannu. Rubutun ƙanana kamar tururuwa, wa zai tsaya karantawa?

Kwali ɗaya, kati uku, goma-goma. Na sha na farko da soyayyen ƙwai. Na duba madubi sau huɗu, shiru tukuna.

Juma'a, 7:15 na safe

Kwana biyar. Leɓena! Yaya ya sauko zai tafi aiki ya ce, "Auta, bakinki kamar bangon da fenti ya tashi." Na ce ya jira wata uku, sai ya cike takarda kafin ya gan ni.

Anti ce ta cece ni, matar Yaya. Su suna sama, ni da Mama muna ƙasa. Ta sauko da man leɓenta sabo fil ta jefa a kwandon kan madubin Mama. Haka muke a gidan nan, abin shafa ko na ado ba a cewa nawa ne. Duk wadda ta samu mai kyau sai ta jefa a kwando, mu uku mu yi ta amfani har ya ƙare. Turarena na farko a duniya daga kwandon nan na same shi, Anti ce ta saka tana amarya.

Shekara huɗu ke nan da aurensu, Allah bai kawo ba tukuna. Ba a maganar a gidanmu. Ni dai na san katin asibitinta ya fi littafin nan kauri, kuma duk jaririn da aka shigo da shi ita ce farkon ɗauka, ita ce ƙarshen ajiyewa.

Juma'a, 1:00 na rana

Kwana goma sha biyu. SUN ƘARU. Sun ƙaru wallahi.

Juma'a, 5:40 na yamma

Na kira asibitin ina kuka. An ce hakan na faruwa da farko, in ci gaba, kar in matse, kar in ƙara yawan da nake sha don in yi sauri. Wata a guruf ta ce in sha biyu-biyu, na ce a'a, ni likita nake bi. Ku gan ni, 'yar gari mai bin doka.

Talata, 2:30 na rana

Wata ɗaya cif! An sake ɗibar jini, an sake ba ni 'yar roba. Wannan karon da kaina na miƙa hannu, na ce, "Sista, kawo, mun saba." Ta ɗan yi dariya! Likita ya tambaye ni barci, ya tambaye ni ko ina yawan kuka. Na ce sai dai in data ta ƙare. An ba ni kwali na biyu.

Litinin, 6:05 na yamma

Yau rana ce! Na ɗauki bidiyon sababbin jakunkuna BABU FILTA. Fuskata ce tsurarta. Akwai tabo, amma babu ko ƙurji ɗaya mai kai. Madam ta riƙe haɓata ta juya ni dama da hagu kamar za ta saye ni, ta ce, "Ke, ashe kina da kumatu?" Mutum tamanin da uku sun yi magana a ƙasan bidiyon, rabinsu ba jaka suke tambaya ba.

A mota na zauna gefen taga ban rufe fuska da mayafi ba. Na dai shafa man kare rana, kar Mai Gilashi ta gan ni a mafarki.

Laraba, 7:50 na yamma

Anti ta sauko tana ɓoye haɓarta da hannu. Wasu ƙuraje guda huɗu sun fito mata, ita da fuskarta ke sumul kamar faranti. Ta ce, "Auta, ko kin zuba min naki ne kika huta?" Muka yi ta dariya. Ba ta roƙe ni ba fa, in faɗi gaskiya. Ni ce na tashi na ɗauko kati ɗaya na jefa a kwando na ce, "Ga rabonki, kwana goma kin warke." Ta ce ba na likita ba ne? Na ce, "Anti, ni ce likitar yanzu, kalli fuskata."

Daɗi nake ji. Shekara huɗu tana ba ni, yau ni ma na ba ta abin kirki.

Juma'a, 6:30 na yamma

Wani abu na faruwa a gidan nan kuma an mai da ni yarinya! Na fesa turare na hau sama, Anti ta toshe hanci ta ruga banɗaki. Turaren da ita ta zaɓa! Mama ta hau, suka rufe ƙofa. Da ta sauko tana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara, tana murmushi ita kaɗai. Na ce, "Mama, mene ne?" Ta ce, "Bakinki ne ba na so, rediyon unguwa."

Na gane! Na gane! Ba zan rubuta ba kar in yi masa baki. Amma na riga na ga wasu 'yan takalma farare a shago, tsawon yatsana. Ya Allah. Ya Allah!

Litinin, 8:10 na safe

Maganina ya ƙare, saura kwana goma a ba ni wani. Gobe zan je in lallaɓa Mai Gilashi.

Talata, 12:45 na rana

Ina zaune a bencin bakin asibiti. Bari in rubuta kafin in tafi.

Mai Gilashi ta duba kwamfuta ta ce, "Saura kwana tara. Ina goma?" Na ce sun faɗa ruwa. Ta cire gilashin. Ban taɓa ganin idonta haka ba. Ta ɗauko wani kwali ta juya bayansa ta sa yatsa a kan wani hoto, mace mai ciki an ja mata layi. Kusan wata biyu irin kwalin nan yana hannuna, na ɗauka ado ne. A bayan kowane kati ma akwai shi.

Ta ce, "Ƙanwata, saurare ni yau. Wannan maganin yana iya lalata halittar jariri tun yana ɗan tsoka, zuciya, kunne, ƙwaƙwalwa. Ba sai an sha da yawa ba. Kuma mace tana iya ɗauke da ciki ba ta sani ba. Shi ya sa muke gwada ki duk wata, ba don mun raina ki ba. Ba a ba kowa shi, ko uwa ɗaya uba ɗaya."

Na ce ruwa suka faɗa.

Ta ce, "To. Ba zan ba ki wani ba sai likita ya gan ki. In kuma ruwan nan mace ce, ki ce ta daina yanzu, ki kawo ta yau. Ba gobe ba."

Talata, 5:20 na yamma

Na hau sama wai zan ari caja. Anti tana wanka. Katin yana kan teburin gadonta. Na ƙirga ramukan da babu komai.

Bakwai.

Na saka shi a aljihu na sauko. Aƙalla ba za a yi na takwas ba.

Laraba, 9:00 na safe

Ban je ba. Ban faɗa ba.

Laraba, 1:30 na rana

Na shiga waya na bincika. Da ban shiga ba. Na rufe, na sake buɗewa, na rufe. Wasu sun ce kaza, wasu sun ce kaza, kowa likita ne a can, kamar yadda na zama ranar Laraba waccan.

Madam ta ce in ɗauki bidiyon takalman yara da aka kawo. Na ce batir ya mutu. Kashi casa'in yake.

Fuskata kuwa sai sheƙi take. Wata mata ta tsayar da ni tana tambayar me nake sha. Na ce ruwa.

Laraba, 7:00 na yamma

Yaya ya shigo da 'ya'yan itace leda biyu yana fito da baki. Yaya fa, mai fuskar shanu, yana fito! Ya ja min kunne ya ce, "Auta, kin kusa sauka daga mulki." Na yi dariya. Ban san da wane baki na yi ta ba.

Gobe. Na rantse gobe da safe.

Alhamis, 10:40 na safe, a mota

Na faɗa!

Na jira Yaya ya shiga wanka na hau. Anti tana ninke kaya. Na ajiye katin a gabanta, na nuna mata hoton, na faɗi duk abin da Mai Gilashi ta ce, ban rage ba. Na ce, "Anti, bakwai kika sha. Ni na ba ki. Ki yi min duk abin da za ki yi, amma mu tafi asibiti yanzu."

Ta zauna a bakin gado. Ta dafa mararta da hannu biyu. Sai ta ce a hankali, "Ba bakwai ba ne."

Na ce na ƙirga.

Ta ce, "Ɗaya na haɗiya, ranar da kika ba ni. Kin san ni da ƙaton magani, ya tsaya min a wuya, ko minti goma bai yi ba na dawo da shi. Sauran kuwa, allura nake soka musu in fasa, in shafa man a kan ƙurjin."

Na ce, "Shafawa? Wa ya ce miki ana shafawa?"

Ta ce, "Bidiyon da kika turo min bara, mai fasa kafso a fuska."

Na bitamin ne wancan! Wani abu ne daban! Ban san lokacin da na zube a ƙasa ina dariya ina kuka ba. Shirmena na bara ne ya tare shirmena na bana. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗayan fa, Auta? In wani abu ya rage a ciki fa?"

A nan Yaya ya fito da tawul a wuya ya ce me ake yi.

Yanzu muna hanya. Ina baya. Abin da ya faɗa min a matakala ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 4:00 na yamma

Likitar mata ce ta gan mu, wata 'yar gajeriya mai saurin magana. Ta tabbatar, akwai cikin, ƙarami sosai. Haka na ji labarin da na yi shekara huɗu ina jira, a tsaye a jikin bango kamar ɓarauniya.

Ta ɗauko kalanda ta yi ta ƙirga kwanaki. Ta sa Anti ta maimaita zancen aman sau biyu: minti nawa, ta ga kafson ya fito ko ba ta gani ba. Anti ta ce ba ta duba ba. Likitar ta ce, "Ɗaya da aka amayar da wanda aka shafa ba daidai suke da bakwai a ciki ba, nesa ma. Ina da kyakkyawan zato. Amma ba zan ce muku babu komai ba, don ban sani ba tukuna." Ta ce shafawar ma a daina yau. Za a yi hoton cikin nan da kwana goma sha ɗaya, sai kuma babban hoto a wata na biyar, wanda ake duba zuciya da komai dalla-dalla.

Ta juyo ta ce, "Wace ce mai maganin?" Na ɗaga hannu kamar a aji. Ta ce, "Kin yi kuskure babba. Kin kuma yi daidai da kika faɗa. Da shekaranjiya kika faɗa da ya fi."

Yaya bai kalle ni ba har muka iso gida.

Asabar, 11:00 na safe

Mama ta ce, "Ni da na ga katin a kwando ban tambaya ba, ni ma da nawa." Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi.

Anti ta aiko a karɓo mata abin ɗaure gashi. Ba ta sauko ba.

Litinin, 3:15 na yamma

Na koma wurin likitan fata na faɗi gaskiya, babu zancen ruwa. Ya ce zai ci gaba da ba ni, tunda jinina lafiya kuma yana yi min aiki, amma sai na bi ta wurin Mai Gilashi.

Ta kife wayata a kan tebur ta ɗora hannunta a kai. Ta ba ni takardar nan mai tururuwa ta ce in karanta da ƙarfi. Na ce karatuna ba nisa. Ta ce, "Ba sauri nake ba." Layi-layi muka bi, inda na kakare ta fassara min da bakinta. Ashe har bayan na gama sai na ƙara wata guda ban ba da jini ba, kuma ko aure na yi gobe, ba maganar ciki sai an gama an jira likita ya ce to. Ashe abin da ya rage ba a ajiye wa wani, nan ake dawo da shi. Duk yana cikin abin da na sa wa hannu ina duba saƙon Madam.

Na mayar mata da ukun da suka rage. Ta ce, "Ya ruwan?" Na ce ruwan yana amai da safe, amma yana cin abinci. Ta ce Allah ya raba lafiya. Na kusa rungume ta ta cikin taga.

Sabon kwalin yana can ƙasan jakata, na zuge zif.

Laraba, 6:50 na yamma

Anti ta sauko! Ta zauna kusa da ni tana kallon abin da nake kallo. Can ta ce, "Matsa, kin cinye kujerar." Na matsa. Ta ɗora ƙafarta a cinyata. Ban motsa ba har ƙafata ta mutu.

Yaya dai har yanzu in ya shigo Mama kawai yake gaisarwa.

Lahadi, 2:00 na rana

Gobe ne.

Litinin, 9:30 na safe

Sun tafi. Ba a ce in zo ba. Ina shago ina goge takalmin da na riga na goge.

Litinin, 11:50 na safe

Wayyo Allah! Rubutun zai karkace, a yi haƙuri!

Ina cikin sito tsakanin kwalaye waya ta yi ƙara. Yaya. Kwana goma sha ɗaya ko "ke" bai ce min ba. Saƙon murya, daƙiƙa goma sha biyu. Na ce shi ke nan, zagi ne ko mugun labari. Na zauna a kan kwali na danna.

Babu magana. Wani sauti ne kawai, fat-fat-fat-fat-fat, bugun 'yar zuciya, da muryar Anti can nesa tana cewa "Alhamdulillahi" tana shessheƙa.

Na ƙwalla ihu har Madam ta shigo da gudu da takalmi ɗaya a hannu tana tambayar ko ɓera ne.

Na kira shi. Ya ɗauka ya ce, "Kar ki fasa min kunne."

Na ce, "Yaya."

Ya ce, "Likita ta ce yana inda ya kamata, girmansa daidai. Amma ba a gama ba, Auta. Sai babban hoton."

Na ce na sani.

Ina jin hayaniyar asibiti a bayansa. Sai ya ce, "Antinki ta ce ranar da ke za a shiga. Wai hannuna gumi yake. Ki nemi izinin Madam tun yanzu."

Na ce to. Na ce to sau wajen biyar, ya kashe ina cewa to.

Saura wata uku. Ban san abin da hoton zai nuna ba, kuma ko me ya nuna ina wurin, ni zan riƙe mata hannu. Madam na ƙwala min kira, masu saye sun cika shago, ni kuwa na sake danna saƙon. Ɗan mitsitsin abu, amma sauri yake kamar ya makara.